Yadda ake duba motar iyali, salun ko wagon, kafin a biya kuɗi

Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa, wannan ya ce salun zai saya ko wagon, wancan ya ce ta ina zai gane eyabag ɗin mota, wato jakar iskar da ke hurowa ta tare mutum a haɗari, na nan ko an cire, wata kuma ta ce ita duk damuwarta kujerar yara ce. To bari in haɗa amsar wuri ɗaya kowa ya huta. Motocin da nake magana a kansu su ne masu matsakaicin girman nan da iyali ke hawa, irin su Volkswagen Passat, Skoda Superb, Mazda6, Toyota Avensis, Peugeot 508, Ford Mondeo da Opel Insignia, waɗanda akasarinsu an yi su a salun mai but a rufe da kuma wagon mai dogon baya. Sabuwa ce ko ta hannu tsarin duk ɗaya ne, sai dai ta hannu ta fi son sa ido. Roƙona ɗaya, a bi matakan a jere. Yawancin mutane daga allon dashbod da sanruf suke farawa, kafin su zo kan bel da birki zuciya ta riga ta kwanta da motar, daga nan duk aibin da suka gani sai su nemo masa uzuri da kansu.

1. Abin da za ka tafi da shi

Tocila, tef ɗin awo, gejin auna iskar taya, ƙaramin maganaɗisu da ka naɗe a ƙyalle don kar ya kankare fenti, wayarka da igiyar cajinta, sai ƙaramar na'urar OBD2 ɗin nan mai karanta matsalolin injin mota da ake haɗawa da waya, kuɗinta ko na cika tanki ɗaya bai kai ba. In kana da kujerar yaro ka ɗauko ta, haka keken jariri ko babban akwatin da kuka saba tafiya da shi. Ka tafi da wanda ya fi kowa tsawo a gidan, da bakaniken da kai ka ɗauko, kai za ka biya shi, ba wanda mai motar ya kira ba.

Gargaɗi: da rana ake duba mota, a fili, kuma a bushe. Ruwan sama da hasken kwan lantarki suna ɓoye bambancin fenti. Ka kuma gaya wa mai motar kar ya tayar da ita kafin ka iso, injin da ya yi zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙin da mai sanyi zai tona. Kana zuwa ka ɗora hannu a bonet, za ka san ko ya ji maganarka.

2. Lambar chasis tun kafin ka taɓa ƙofa

Lambar nan haruffa da lambobi 17 ce, haka tsarin yake tun 1981, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofa, da cikin takardu. Dole ukun su zo ɗaya. In ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar an kankare an sake bugawa, ka juya kawai, ba sai ka ji labarin da za a ba ka ba.

Da wannan lambar za ka shiga shafin kamfanin motar ka duba ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, wato kamfani ya gano matsala ya ce a kawo motocin a gyara, in motar ta kasuwar Amurka ce shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗuran hanya ta Amurka, yana nuna wannan kyauta. Babban abin da kake nema shi ne matsalar eyabag na kamfanin Takata, wadda ta sa aka kira motoci miliyoyi na kamfanoni da yawa. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe a zafi da danshi, ranar da ya tashi aiki sai gwangwanin ya tarwatse ya watso ƙarfe a fuskar mutum, an rasa rayuka ta haka. Motocin shekarun 2000 zuwa tsakiyar shekarun 2010 ne abin ya fi shafa.

Sai sakamakon gwajin haɗari. Na Turai Euro NCAP ne ke yi, tun 1997, na Amurka kuma NHTSA da IIHS. Nan mutane ke ruɗuwa da taurari. Tauraro biyar na 2009 ba ɗaya yake da tauraro biyar na 2020 ba, saboda gwajin ƙara tsanani yake yi, misali a 2012 ne IIHS ta kawo gwajin da ake buga gefen gaban mota kaɗan ta ɓangaren direba, kuma motoci da dama da ake yabo sun sha kunya a lokacin. Don haka ka duba shekarar gwajin, ka buɗe ka karanta makin kare manya da na kare yara daban daban. Kuma mota mai suna ɗaya tana iya zuwa da eyabag shida a wata kasuwa, a wata kuma biyu kacal, sakamakon da ka karanta na irin wadda aka gwada ne.

3. Salun ko wagon, tef ne zai raba gardama

A takarda bambancin kamar ba yawa. Passat ƙirar da ta fito a 2014, but ɗin salun lita 586 ne, na wagon 650, amma in ka kwantar da kujerun baya wagon ɗin yana kai 1,780. To ainihin bambancin ba a lita yake ba, a bakin but ɗin yake. Salun na iya samun ciki mai faɗi amma ƙofar ƙarama, abu mai kusurwa kamar keken jariri ko keken guragu ya ƙi shiga ko da wurinsa na nan a ciki. Shi ya sa na ce ka zo da kayanka. Saka su da hannunka, ka rufe but ɗin, ka sake fito da su. Sannan ka auna abu uku, faɗin da ke tsakanin tudun tayoyin baya guda biyu, tsawo daga bayan kujera zuwa ƙofa, da tsayin bakin but daga ƙasa, wannan na ƙarshen bayanka ne zai gode maka.

Kar ka ɗauka wagon ya fi salun wurin miƙe ƙafa. Mazda6 ƙirar 2012 zuwa sama, tazarar tayar gaba da ta baya a salun milimita 2,830 ce, a wagon 2,750, wato salun ɗin ne ma ya fi. Abin da wagon ke bayarwa a kujerar baya shi ne sararin kai, tunda rufin bai zube ta baya ba.

Ni a ganina, in kayanku ba su wuce akwatuna da cefane ba salun ya ishe ku, ya fi shiru don ƙarar tayoyin baya ba ta shigowa sosai, esi ya fi saurin sanyaya shi, kaya suna ɓoye daga idon mutane, kuma akwai bango tsakanin kaya da fasinja. In kuwa kullum da keken yara, ko dogayen kaya, ko tafiya mai nisa da yara uku, wagon ne naka, kar ka wahalar da kanka.

Gargaɗi ga mai wagon: kaya da yara a ɗaki ɗaya suke. Duk abin da ya wuce tsayin bayan kujera, ranar da aka taka birki da ƙarfi kan na baya zai sauka. Ka tabbatar labulen rufe kaya na nan, da ragar da ke raba but da kujeru in motar ta zo da ita, da zobban ƙarfe na ɗaure kaya a daɓen but. Masu sayarwa suna yawan cire labulen nan su manta da shi, sayensa daban kuma da tsada. Ɗaga ƙofar bayan ka sake ta, in ta fara saukowa da kanta sandunan da ke riƙe ta sun mutu, ba tsada amma tana iya fasa kan yaro. A salun kuma leƙa cikin murfin but ka nemi ɗan hannun buɗewa daga ciki, mai haske a duhu, motocin kasuwar Amurka daga ƙirar 2002 duk suna da shi.

4. Zagaye jiki da tayoyi

Tsaya daga kusurwa ka kalli gefen motar a tsaye, fenti mai kyau hasken da ke kansa ba ya karyewa. Duba ratar da ke tsakanin bonet da fenda, da tsakanin ƙofofi, hagu da dama su zo daidai. Bi jikin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, sai dai ka sani bamba roba ce, wasu bonet ɗin kuma alminiyom ne, ba za su kama ba dama. Buɗe bonet ka haska kusoshin da suka riƙe fenda, in fentin kansu ya kankare an taɓa kwancewa. Fendar da aka canza ba abin tashin hankali ba ce. Abin gudu shi ne ƙarafan nan biyu da suka miƙe daga bayan bamba zuwa ƙarƙashin injin, su ne ke lanƙwashewa su shanye duka a haɗari, in ka ga walda ko alamar an buga an miƙar, motar ta riga ta yi aikinta sau ɗaya, karo na biyu ba za ta kare ka kamar da ba.

Ɗaga kafet ɗin but, ciro safaya taya ka haska ramin. Laka busasshiya, tsatsa a ƙarƙashin kujeru, ko wari irin na rumar ɗaki, alamar ruwa ya taɓa cinye ta ne. Motar da ta sha ambaliya wayoyinta a hankali suke ruɓewa, har da na eyabag da ABS, tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, ko kyauta ce a yi tunani.

Taya kuma, nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗun ƙarshe mako ne da shekara, 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida ka sa ta a lissafin canji ko da zanenta na nan. Zurfin zane mafi ƙaranci da dokar ƙasashe da yawa ta yarda da shi milimita 1.6 ne, amma tun kafin a kai nan riƙon hanya a ruwa ya ragu. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, alaimen ne ko wani abu a ƙafar motar. Girman tayar ya dace da abin da ke kan sitikar ginshiƙin ƙofa, a nan ne kuma aka rubuta iskar da ta dace da nauyin da motar za ta iya ɗauka, mutane da kaya a haɗe.

5. Bel, eyabag da fitilun dashbod

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake cutar mutane.

Fara da bel, duka biyar, har na tsakiyar baya. Jawo kowanne har ƙarshe, ka duba ko ya zare ko ya ƙone ko ya yi tauri, sake shi ya koma da kansa, sannan ka fizge shi da sauri, dole ya kulle. Sa shi a makullinsa ka ji ƙas, ka ja da ƙarfi. Bel ɗin gaba yana da wani abu mai fashewa da ke ɗame shi a lokacin haɗari, sau ɗaya yake aiki, don haka bel ɗin da ya maƙale ko ya yi lagwaf ba ya komawa, wataƙila motar ta taɓa buguwa. Na tsakiyar baya ya zama mai ratsa kafaɗa, wanda ke kama ƙugu kawai bai isa ba. Mutane suna raina bel saboda akwai eyabag, alhali NHTSA ta ƙiyasta bel yana rage haɗarin mutuwa ga na kujerar gaba da kusan kashi 45 cikin ɗari, kuma eyabag an yi shi ne ya taimaki bel, wanda bai ɗaura ba jakar ma tana iya yi masa illa.

Yanzu murɗa makulli zuwa inda dashbod ke kamawa ba tare da ka tayar ba, in mai maɓalli ce danna ba tare da ka taka birki ba. Duk fitilun gargaɗi za su kama, ka nemi na eyabag, na ABS, na ESC, tsarin hana mota zamewa, mai hoton mota tana zamewa, da na injin. Wanda bai kama ba kwata-kwata shi ne abin tsoro, don wasu cire kwan suke yi ko su liƙe shi da baƙin tef ta ciki. Fitilar eyabag tana yin daƙiƙoƙi kaɗan ta mutu da kanta ko ba ka tayar da injin ba. In ka ga sai da injin ya tashi ta mutu, lokaci ɗaya cif da fitilar baƙin mai ko ta batir, akwai yiwuwar an haɗa wayarsu ne don a rufe maka ido.

Sai ka bi wuraren da aka rubuta SRS ko AIRBAG, tsakiyar sitiyari, dashbod ɗin fasinja, gefen kujerun gaba, ginshiƙai da gefen rufi. Ƙirga su. Kalar murfin ta dace da kewayensa, babu alamar gam, babu ɗinkin hannu a gefen kujera, rufin ciki bai saki ta gefe ba. Motar iyali a wurina ta kai shida, biyu a gaba, biyu a gefe, da labule biyu da ke saukowa ta tagogi, kuma labulen nan su ne ke kare kan na baya.

Gargaɗi: ƙaramar OBD2 ɗinka yawanci injin kawai take karantawa. Soket ɗin na ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, saka ta ka ga ko an goge matsaloli kwanan nan, amma eyabag da ABS sai babbar kwamfutar gareji. Ko ita ma ana iya yaudararta, don ana saka ɗan resista a gurbin jakar da ta fashe kwamfuta ta ɗauka tana nan. In alamun jiki sun nuna an yi haɗarin gaba, sai mai aikin wuta da ya san aikinsa ya buɗe ya gani da ido. Kai kar ka taɓa wayoyi masu ruwan ɗorawa, na eyabag ne.

6. Kujerar direba

Zauna ka manna bayanka, ka taka birki har ƙasa, gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa. Miƙa hannu, wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Tsakanin ƙirjinka da sitiyari a samu aƙalla santimita 25 saboda eyabag. Saman matashin kai ya zo daidai da saman kanka kuma kusa da ƙeya, wannan matashin ba ado ba ne, shi ke tare wuya in an buge ka ta baya. In gajere da dogo ne za su riƙa tuƙa motar, kowa ya gwada, kuma sitiyarin da ke matsowa gaba da baya ya fi wanda ke hawa da sauka kawai. Kujera mai laushi sosai tana burgewa a minti biyar na farko, a doguwar tafiya kuwa mai ɗan tauri da ke tallafe cinya da ƙugu ta fi. Waiga ka ga yadda ginshiƙan baya suke tare maka gani, sababbin salun masu zubabben rufi gilashinsu na baya ƙarami ne sosai.

7. Kujerar baya da yara

Bar kujerar direba yadda ka saita ta, ka sa dogon nan ya zauna a bayanta. Gwiwa ba ta taɓa ba, kai bai taɓa rufi ba, ƙafa ta shige ƙarƙashin kujerar gaba. Mota mai sanruf tana cin sararin kai, a lura. Duba tudun tsakiya na ƙasa, in babba ne na tsakiya zai sha wahala.

Yanzu kujerar yaro. Zura yatsa tsakanin mazauni da majingina za ka taɓa ƙarafa biyu da ake maƙala kujerar yaro a jikinsu, su ne ISOFIX, a Amurka LATCH ake ce musu. Yawanci kujerun gefe biyu ne ke da su. Akwai ƙugiya ta uku ta igiyar sama, a salun tana kan dandamalin da ke bayan matasan kai, a wagon kuma tana bayan majingina ko a daɓen but ko a rufi. Kuskuren da ake yawan yi a wagon shi ne a maƙala igiyar a zoben ɗaure kaya, ba shi ba ne, ta gaskiyar tana da alamar anka a kusa, littafin motar ma ya nuna wurin. Ɗaura kujerar tsaf, ka kama ta daga gindi ka girgiza, kar ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. In mai kallon baya ce, duba ko ta tilasta kujerar gaba matsawa har na gaba ya takura, wannan ne ke kayar da motoci da yawa da ake ganin suna da girma. Masu yara uku ƙanana, ku kawo kujerun duka ukun, motoci kaɗan ne a wannan ajin ke ɗaukar uku a jere, kuma ko sun shiga sai hannu ya iya kaiwa makullin bel.

Gargaɗi mai girma: kujerar jariri mai kallon baya ba ta zama a gaba matuƙar eyabag ɗin fasinja na aiki. Wasu motocin suna da makullin kashe shi a gefen dashbod, amma baya dai ta fi. Yaron da ya girmi kujerar jarirai yana buƙatar ta ƙarin tsawo har sai bel ya ratsa tsakiyar kafaɗarsa ba wuya ba, a Turai doka ta sa iyakar a santimita 135 ko 150, ya danganta da ƙasa.

Kafin ka fito, gwada makullin yara da ke gefen ƙofofin baya, da maɓallin hana buɗe gilashi. Gilashi mai hawa da kansa ya kamata ya koma ƙasa in ya ci karo da abu, gwada da robar ruwa, kar ka sa hannu.

8. Esi da kayan lantarki

Kunna esi a tsaye, ya yi sanyi cikin 'yan mintuna, ka sa hannu a kowace ƙofar iska har ta baya, in motar ba ta da ta baya yaran za su gaya maka. Sanyin da ke zuwa sai ana gudu kawai, fanka ce ko kwampreso. Wari kuma yawanci filtar cikin mota ce, mai araha. Duba sitikar cikin bonet ka ga gas ɗin R134a ne ko R1234yf, na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Sauran kuwa danna komai sau ɗaya, gilasai, madubai, waifa har ta bayan wagon, hon, tirafiketa, fitilun birki, kamarar ribas, haɗa waya. Sanruf buɗe ka rufe ka shafa rufin ciki ko da danshi.

9. Tuƙin gwaji

Rediyo a kashe, iyali a ciki in da hali, mai motar kuma ya ɗan yi shiru. Nemi hanya mai gargada da kuma wadda za ka ɗan yi gudu. A gargada saurari ƙwanƙwasa daga ƙafafu, in motar ta ci gaba da lilo bayan ta wuce tudu shokozoba sun gaji. Manyan rim masu siririyar taya suna da kyan gani amma suna kawo duk ramin hanya cikin kujera, inci 16 ko 17 sun fi 19 daɗin zama, tayarsu ma ta fi sauƙin kuɗi. A gudu, sitiyari kar ya yi rawa, kar motar ta ja gefe, giya ta shiga ba fizga. Tambayi na baya abin da suke ji, a wagon ƙarar baya su ta fi damu.

Sai birki. A hanyar da ba kowa, ka duba madubi, ka gaya wa na ciki, a gudun kilomita 40 zuwa 50 ka taka da ƙarfi. Za ka ji feda tana kakkarwa a ƙafarka, ABS ne ke aiki, kar ka ɗaga. Ta tsaya a miƙe. ESC kuwa ba a gwada shi a titi, fitilarsa da kwamfuta sun isa, amma kar ka sayi motar iyali da ba ta da shi, shi ke taka birkin taya ɗaya ɗaya ya dawo da mota in ta fara zamewa. Ya zama dole a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014, wadda ta girmi haka sai ka bincika.

Birki mai taka kansa, gargaɗin fita layi, da fitilar madubi mai nuna motar da ba ka gani, duk suna da amfani, shiga saitin allo ka ga suna kunne kuma ba saƙon matsala. Gargaɗi: kar ka gwada birki mai taka kansa da bango ko motar wani. Kuma kamararsa tana manne a gilashin gaba, rada kuma a bayan bamba ko tambari, in an canza gilashi ko an buga bamba sai an sake saita su da kwamfuta, ka tambaya ko an yi.

10. Lissafi kafin ciniki

Rubuta duk abin da ka gani ka raba shi uku. Masu sauƙi, waifa, filta, kwan fitila, sandunan ƙofar but, ruwan birki. Matsakaita, tayoyi huɗu, shokozoba, faifan birki, batir, gyaran esi, waɗannan ka sa bakanikenka ya yi musu kuɗi a cire daga farashi. Kashi na uku kuwa ba na ragi ba ne, na fasawa ne, chasis da aka yi wa walda, motar ambaliya, lambar da ba ta dace ba, eyabag da aka cire. Gyaran eyabag na gaskiya ba jakar kaɗai ba ce, har da bel, da sensa, da kwamfutarsa, wani lokaci da dashbod gaba ɗaya, shi ya sa masu gyaran ha'inci suke tsallake shi. In kuɗinka na mota ɗaya ne tsakanin mai kujerar fata da sanruf da kuma mai kujerar yadi amma da eyabag shida da ESC, ɗauki ta biyun. Ka kuma tambayi kuɗin inshora da na makulli na biyu, makullin zamani yanka shi da saita shi ba ƙaramin kuɗi ba ne, a ba ka biyu tun wurin ciniki.

11. Makon farko bayan ka karɓa

Canza baƙin mai da filtoci in ba ka da tabbacin ranar da aka yi na ƙarshe, haka ruwan birki, wanda kamfanoni da yawa ke cewa a canza duk shekara biyu don yana tsotsar danshi. Auna iskar tayoyi da safe kafin a hau, har safaya, da lambar da ke kan sitikar ƙofa, ba wadda ke jikin tayar ba, waccan iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. Tabbatar jak da wil sufana suna nan kuma sun dace da motar. In akwai kiran gyara da ya rage, kai ta wurin dilan kamfanin da lambar chasis. Wajen loda kaya, masu nauyi a ƙasa kuma a jingine da bayan kujera, a ɗaure, in za ka ɗora a rufi duba littafin motar, yawancinsu kilo 75 zuwa 100 ne iyaka har da nauyin ƙarfen ɗorawar. Kuma kar a yi tafiya da ƙofar bayan wagon a buɗe saboda dogon kaya, hayaƙin salansa ciki yake dawowa, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari. In ya zama dole na ɗan gajeren zango, rufe sauran gilasai da sanruf, ka kunna fanka da ƙarfi tana jawo iskar waje, yaran kuma su bi wata motar.